Rahoto Uku, Wanzami Ɗaya: Ta'aziyyar Alhaji Mahadi Kafur

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, babu wanda za a manta da shi a tasha. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Mahadi Lawal Kafur a gidansa da ke Funtua, bayan 'yar rashin lafiyar da shi kansa ya raina. An yi masa sutura bayan la'asar.

Kafin in ce komai, dole in jinjina wa hukumar tsaron asirin da ya yi wa aiki har ya yi ritaya, wadda ba a kiran sunanta da ƙarfi a kasuwa. Hukuma ce da ta iya ɓoye mutanenta. Tsofaffin manyanta sun zo jana'iza a sirrance, cikin shigar talakawa don kada kowa ya gane su: sabuwar shadda mai karin guga, baƙin tabarau, kowanne ya jingina da bango yana duban masu shigowa. Ɓoyon ya yi kyau ƙwarai, don mai rake na ƙofar gida ma sai da ya nuna musu tabarmarsu daban, yana cewa ga wurin mutanen ofishin Alhaji can. Yaran da ka horar kuwa, Mahadi, an ce su ma sun zo da yawa. Ban ga ko ɗaya ba, kuma na san wannan ne zai fi yi maka daɗi.

Ni Bature ne, dillalin hatsi a kasuwar Funtua. Benci ɗaya muka zauna da marigayin a firamare a Malumfashi. Ni na sauka a aji uku na sakandare na bi buhu, shi ya wuce Zariya ya bi littafi. Daga nan ya zama mutumin da in ka tambaye shi inda za shi sai ya ce nan gaba kaɗan, in ka tambaye shi inda ya fito sai ya ce nan baya kaɗan. Sirrin aikinsa ya tafi da shi kabari, ban kuma taɓa roƙonsa ya buɗe mini ba. Abin da zan faɗa a nan abu ne da rabin kasuwa ta gani da ido, sauran kuma shi ya ba ni da bakinsa bayan ya ajiye aiki.

A shekarar da daji ya fara zafi sosai aka turo shi ya shugabanci ofishinsu na nan yankin. Ya tarar da tsari mai kyau a takarda. Kowane jami'i sai ya kawo rahoto duk mako, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Sannan in magana ɗaya ta shigo ta hannun mutum uku daban-daban, shi ke nan ta tabbata, sai kamu. Kowa ya ji wannan zai ce an yi adalci, shaidu uku ai ba wasa ba.

Da wannan adalcin aka ɗauke Chidiebere. Shagonsa na kayan babur yana kallon rumfata. A nan Funtua aka haife shi, aikin jirgin ƙasa ya kawo ubansa, kuma in yana zuba Hausa a bayan labule ba za ka ce ba jikan wani limami ba ne. Matarsa Onyinye ce ta zo mini da goyo a baya, ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba.

"Baba Bature, sun tafi da shi. Wai yana kai wa 'yan daji tayoyi."

Duk wanda ya zauna a yankin nan a lokacin ya san nauyin wannan magana. Ana jiran mota ta zo a wuce da shi Abuja, wanda kuwa aka kai can da irin wannan tambari, sai dai iyalinsa su riƙa sa shi a addu'a. A kasuwa har an fara zagaye shagon da kallon da ban so ba, masu cin bashinsa jiya sun fara cewa su dama sun daɗe suna zarginsa.

Na ɗaura hula na tafi ofishin Mahadi. Da ya gan ni ya ce in masara na kawo, shi ba ya saye a hannuna, ya san mudun da nake awo da shi tun muna yara. Na ce masa yau ba ciniki ya kawo ni ba, na san yaron nan tun yana rarrafe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce sanina ba hujja ba ce. Jami'ansa uku ne suka kawo maganar, kowa da ranarsa, kowa da takardarsa. Raina ya ɓaci, har na fara neman takalmina. Sai ya ƙara da cewa amma su ma nasu sanin bai zama hujja ba tukuna, kuma ba zai sa hannu a tafi da kowa ba sai ya ga gindin maganar. Ina zaune aka bugo masa waya daga sama, na ji yana ta ranka ya daɗe, yana ta to, amma bai ce a kawo motar ba. Daga baya na gane cewa aikinsa ya ɗora a kan faranti ranar. Da yaron ya zamo mai laifi, da Mahadi ya riga kowa komawa gona.

Aka kira azahar, ya ce in tsaya mu yi salla. A wurin alwala jami'an nan uku suka tuɓe huluna za su yi shafar kai. Na ga Mahadi ya tsaya da buta a hannu yana kallonsu. Duka ukun an yi musu ƙwaryar molo, kai na sheƙi, kuma kowanne da ɗan shafin farar hoda a ƙeya. Bayan an sallame ya kira su ɗaya bayan ɗaya, cikin fara'a, kamar mai neman shawara. Tambaya ɗaya ya yi musu: wa yake yi maka aski? Amsa ɗaya ya samu: Ɗanasabe na bakin tasha.

Ni na raka shi. Ɗanasabe bai san shi ba, ya ga baƙo mai tsabta, ya gyara masa tabarma, ya jiƙa kai, ya wasa aska. Kowa ya san wanzami ba ya aski da baki a rufe, hira ita ce sabulunsa na biyu. Kafin a kai rabin kai labarin Chidiebere ya fito, kuma ya yi ƙiba. Tayoyin da suka fara a bayan a-kori-kura yanzu sun cika tirela, har da bindigogi a cusa a cikinsu. Mahadi ya bar shi ya ci gaba, don mai hankali ba ya gardama da mutumin da askarsa ke kan maƙogwaronsa. Sai da aka shafa masa tasa hodar ya mayar da hula, sannan ya tambaya.

"Malam Ɗanasabe, kai ka gani da idonka?"

"Ni? Ina ni ina gani, Alhaji, ina nan ina neman na tuwo. Ni dai na ce wa ya sani. Mutumin da ya bar askar da ta yi wa ubansa aski ya koma wurin yara masu injin aski, me ba zai iya ba? Kuma ga shi gwamnati ta tabbatar, ai an kama shi."

Na ga kafaɗun Mahadi suna rawa, irin dariyarsa ke nan, ba ta fitowa ta baki. Wanzami ya dogara da gwamnati, gwamnati ta dogara da wanzami, mutum kuma yana kulle a tsakani.

Bai tsaya nan ba, don ya ce ƙaryar Ɗanasabe ba ta wanke Chidiebere ba, gani ya kori ji. Da kansa ya bi sawun kayan har Kafur. Ya tarar ƙungiyar 'yan acaba ce ke haɗa adashi suna sarin taya da sarƙa a dunƙule don ya zo musu da sauƙi, ga tayoyin nan a ƙafar baburansu suna ɗiban fasinja. Aka saki Chidiebere. Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gani ba, kafin nan ko bayan nan. Mahadi ya sa shi a gaban motarsa, ya kawo shi tsakiyar kasuwa ana tsananin ciniki, ya riƙe hannunsa ya ce da ƙarfi yadda masu awo za su ji: kuskuren ofishinmu ne, wannan mutum ba shi da laifi, muna ba shi haƙuri. Waɗanda suka daɗe suna zarginsa suka riga kowa zuwa barka.

Yaran ofis suka so a kama Ɗanasabe. Ya hana. Ya ce wanzami aikinsa ya yi, laifin na wanda ya ɗauki hirar bakin aska ya buga mata hatimi. Su ma bai kore su ba, ya ce wanda aka ce dole ya kawo labari duk mako, ranar da babu labari sai ya je inda ake ƙera shi. Chidiebere kuwa, Mahadi ya ba shi shawara ya riƙa kai wa tsohon wanzamin kansa ko sau ɗaya a wata, don zaman lafiyar gari. Har yau yana kaiwa, kuma yanzu a bakin Ɗanasabe babu mutumin kirki a Funtua kamarsa.

Wannan tsiya ce ta zama arziki. Maimakon a hukunta shi kan jinkirin mota, wani mai hankali a sama ya kira shi hedikwata, aka sa shi cikin masu gyaran hukumar. Abin da na tsinta daga bakinsa shi ne sun soke rahoton dole. Sun sa duk labarin da ya shigo sai an bi shi har bakin da ya fara fitowa, aka kuma kawo kwamfutoci masu haɗa rahotanni, ta yadda in baki ɗaya ya shigo da riga uku za a gane shi. Ya yi faɗa a ɗauki matasa masu ilimin zamani, har da mata, da masu jin harsunan da ake ciniki da su, ba masu ɗaurin gindi ba. Ya ce mini abin da ya fi ba shi wahala ba kwamfuta ba ce, a'a, koya wa babban mutum ya rubuta "ban sani ba tukuna" ba tare da ya ji an tuɓe masa rawani ba. Tsofaffin hannu suka sa masa suna Malam Jinkiri. Ya ce ya karɓa, ya fi Malam Nadama.

Da ka yi ritaya, Mahadi, ka dawo ka kama noman waken suya a hanyar Kafur, kuma gaskiya ɗaya ce, ba ka iya ba. Mutumin da ya gano asirin manyan maƙiyan ƙasa, ga shi gwazarma da ɓera sun fi ƙarfinsa. In ka kawo amfani kasuwa sai ka tsaya tambayar mai saye lafiyar iyalinsa har farashi ya faɗi. Amma rumfata ba ta taɓa cika irin lokacin ba. Matan da aka kama mazajensu, iyayen da 'ya'yansu suka ɓace, duk nan suke samunka. Ba ka taɓa yi wa kowa alkawarin saki ba, abin da kake cewa kawai shi ne za a duba, kuma ana dubawa. Wasu an sake su, wasu ka dawo ka gaya wa iyayensu gaskiya mai ɗaci, ka zauna da su har suka haɗiye ta.

Ranar da ka rasu Chidiebere ya rufe shago, ya zauna zaman makoki tare da mu har aka share, shi ke sauke ruwa yana raba wa baƙi. Ɗanasabe yana gefe yana ba mutane labarin yadda shi da kai kuka haɗa kai kuka gyara tsaron ƙasa. Ba wanda ya ƙaryata shi, mun san da kana nan kai ma ba za ka ƙaryata ba.

Allah Ya jiƙanka, Mahadi, Ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka ƙi hukunta bawansa da zato, Allah Ya yi maka hisabi mai sauƙi, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Kulu, da 'ya'yansa Abubakar Sadiq da Najiba, da 'yan'uwa na Kafur da Malumfashi, da abokan aikinsa, waɗanda muka gani da waɗanda ba mu gani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar addu'ar uku wani babba daga cikin masu tabarau ya miƙe ya kwantar mana da hankali. Ya ce kada mu damu, hukumarsu tana da irin Mahadi guda dubu. Muka ce madalla, Allah Ya ƙara. Chidiebere ya taɓa ni a hankali ya ce, Baba, tambaye shi inda suke. Ban tambaya ba, wurin makoki ne, kuma sirri ne na gwamnati. Amma tunda mu ɗaya aka taɓa turo mana, kai mai karatu, ko a garinku aka ajiye sauran?