Tanimu da Wincin da Ya Ja Mota da Baya

Wata rana cikin damina, wani direba mai suna Tanimu yana bakin aiki a kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, sai wayarsa ta yi ƙara.

Yayansa Hashimu ne. Inna ta rasu da hantsi.

Ya ce ba a ajiye gawa, amma ya roƙi liman a jira Tanimu zuwa la'asar, tunda shi ne autanta, kuma rabon da ta sa shi a ido tun ƙaramar salla.

Maigidansa ya miƙa masa makullin motar Hilux.

Hanya biyu ce zuwa ƙauyensu, can bayan Haɗeja. Akwai ta zagaye, mai nisa amma busasshiya. Akwai ta fadama, wadda ko mai babur sai ya yi bisimilla kafin ya shiga.

Tanimu ya duba agogo, ya karya kan mota cikin fadama.

Bai yi nisa ba ƙasa ta karɓe shi. Tayoyin gaba suka nutse, ya ƙara wuta, taɓo ya ƙara haɗiye su.

Bai damu sosai ba, don motar tana da winci, injin nan da ke bakin mota mai naɗe igiyar ƙarfe. Ya ja igiyar ya ɗaure a wata bagaruwa da ke gaba, ya kunna.

Bagaruwa ta tumɓuke da saiwarta.

Ya nemi wata. Motar ta matsa taku uku, ta faɗa inda ya fi zurfi.

Haka ya yi ta fama, taɓo har gwiwa, hawaye da gumi sun haɗu. Ga wurin ba sabis, balle ya kira gida. Wallahi duk wanda ya taɓa rasa uwa ya san mutum ba ya tunani daidai a irin wannan rana.

Duk abin nan, wani tsoho da ke cire ciyawa a gonar shinkafa yana kallo. Tun farko ya ɗaga murya ya ce gaba ba ta biyuwa, amma Tanimu ko waiwaye bai yi ba.

Sai da aka ci awa biyu tsohon ya tako, ya leƙa bayan motar. Ya ga akwatin kayan aiki, da ƙananan tayoyin ƙarfe uku waɗanda igiya ke bi ta kansu. Ashe shekara ashirin ya yi yana jan motocin katako a dazukan kudu.

Ya ce a fitar da ita da baya.

"Baba, ba abin da zan yi a baya. Uwata tana gaba, ita ake jira a binne."

"Na ji, ɗana. Uwarka tana gaba, amma hanyar zuwa wurinta tana bayanka."

Tanimu ya juya ya dubi bayan motar. Ya san da tayoyin nan, har koya musu aka yi a wurin aiki. Shi dai bai so ya koma ba ne.

Tsohon ya ɗaura taya ɗaya a giginyar da ke gefe, ɗaya a kanyar da ke baya, ɗaya a ƙugiyar bayan mota. Ya zagaya da igiyar ta kansu, ya ƙulle bakinta a jikin kanyar. Ya ce igiya ɗaya ke jan gaba, biyu ke jan baya, don haka baya za ta rinjaya.

Aka kunna. Injin yana gaba, mota tana tafiya baya, a hankali, har ta hau tudu.

Minti goma sha biyar kacal.

Tanimu ya bi ta zagaye a guje. Yana shiga gari ya hango mutane suna dawowa daga maƙabarta, biyu a cikinsu ɗauke da makara ba komai a kanta.

Hashimu ya riƙe hannunsa, da ƙasa a yatsunsa.

Ya ce sun jira har bayan la'asar, liman ya ƙara musu rabin awa, sannan aka ce a yi mata abin da ya kamata. Yanzun nan suka gama rufewa.

Tanimu ya zauna a gefen hanya da taɓon fadama a jikinsa, ya yi kuka kamar yaro.

Darasi: Idan ka ga kana ƙara nutsewa, tsaya ka saurari wanda ya ce ka ja da baya. Komawa ba ta cinye lokaci kamar taurin kai, kuma akwai abin da ba ya jiran kowa.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Ka tura wa wanda ka san ya kafe a wani wuri yana ta ƙara wuta.