Shamsu Kurma da Gangar Cikin Kwamfuta

Shamsu ya tashi ne a bakin injin niƙan kawunsa da ke bayan kasuwar Gazawa. Tun bai bar lakol ba, wato makarantar boko, yake zuba gero a inji, har ya yi gemu. Ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, na dama kuma ta bar masa rabi. Yana jin murya mai kauri, amma kukan tsuntsu ko ƙarar cokali a faranti sun wuce shi. 'Yan gari suka sa masa Kurma.

Da kawun ya sayar da injin, kowa ya zaci Shamsu zai hau babur ɗin haya, kabu-kabu, kamar sauran samari. Sai ya sayo tsohuwar kwamfuta hannun wani direba mai zuwa Katsina, ya ce kiɗan rawa zai riƙa haɗawa. Aka yi dariya har a majalisar mai shayi. Shi dai ya duƙufa, yana koyo daga bidiyoyin waya. Abin da ya ja shi ga sana'ar kuwa shi ne a kwamfuta ana ganin sauti da ido: kowane duka yana fitowa a allo kamar tudu da kwari.

Irin wannan kiɗa yana tsaye ne kan abu guda, wanda masu sana'ar ke kira kik, wato dukan babbar ganga da ke faɗowa dum, dum, ƙarƙashin komai. In ya yi kauri, ƙafa na motsi da kanta. In ya rame, ko waƙar ta yi daɗi mutane sai su tsaya kallo.

Kiɗan Shamsu na farko ramamme ne. Barmo, mai hayar manyan lasifikoki a bukukuwa, ya sa shi a wani biki da la'asar. Kik ɗin ya fito ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa kwanon sha. 'Yan matan da ke tsakiyar fili suka dubi juna, suka koma kan tabarma. Barmo ya zare katin waya da kiɗan ke ciki, ya miƙa masa a gaban jama'a, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"Kurma, ka koma niƙa. Wanga aiki na masu kunne ne."

Shamsu ya karɓi katinsa, ya ce, "Zan kawo maka wani."

"Kada ka wahal da kanka."

"Ban tambaye ka ba."

Ya koma gida da zuciya tana tafasa. Da farko ya ƙara wa kik ɗin ƙarfi kawai, sai sautin ya fashe. Ya ɗora kik biyu kan juna, yana zaton za su ninka, sai abin ya ƙara ramewa. Wannan ya ɗaure masa kai kwana da kwanaki. Wata safiya ya buɗe hoton sautin sosai, ya ga inda ɗaya ya hau tudu, ɗayan ya faɗa kwari, suna cinye juna. Ya ja na biyun kaɗan har tudu ya hau kan tudu. Tafin hannunsa na kan akwatin lasifika a lokacin, sai ya ji katakon ya bankaɗe shi. Tun daga ranar da hannu yake auna ƙasan kiɗa.

Sauran aikin a tsakar gida ya same shi. Yayarsa Zulai, wadda yake zaune gidanta, tana daka, ya zo ya tsuguna da waya kusa da turmi.

"Yaya, ƙara dukan nan. Guda ɗaya, da ƙarfi."

"Kai ko ka rasa abin yi," in ji ta, amma ta daka.

Ya sa ta kifa ƙwarya cikin babban baho na ruwa, ta buga da dunƙulen hannu kamar yadda mata ke yi a biki. Ya naɗi wannan ma. A kwamfuta ya jera su hawa uku. Ƙwaryar ruwa ya saukar da muryarta ta zama gindi. Turmi ya zama jiki. A sama ya bar ɗan ƙwas ɗin nan na farko, don dukan ya samu baki. Ya datse wa kowanne wutsiya don kada su yi ta gurnani su dagula na gaba. Ya ɗan ƙona sautin kaɗan, wato ya sa masa kaushi, yadda ko a ƙaramar waya za a ji kaurinsa. Sannan ya sa bas, wato amon nan mai kauri da ke tafe da waƙa, ya riƙa sunkuyawa duk lokacin da kik ya faɗo, ya ba shi hanya.

Hawa na sama ne ba ya ji ko kaɗan, kuma bai ɓoye ba. Zulai yake kira.

"Yaya, yana sukar kunne?"

"Yana suka. Rage."

"Yanzu fa?"

"Ka rage da yawa, ya zama kamar an toshe mishi baki."

Haka suke yi, tana tankaɗe tana ba shi amsa.

Da ya mayar wa Barmo, mutumin ya sa kiɗan a shagonsa, kwalaben da ke kan kanta suka hau rawa. Barmo ba wawa ba ne, ya san abin da ya ji. Ya rage ƙara, ya jawo wa Shamsu kujera.

"Ya yi. Amma ka san mutanenmu. In aka ce kurma ya haɗa, dariya za a yi kafin a saurara. Bari in sa sunana a kai, kai kuma ka riƙa samun aiki."

Wataƙila ma da gaskiyarsa. Shamsu ya dube shi, ya dubi lasifikokin nan da duk garin babu kamarsu.

"Ran da ya rame, sunana ka kira a gaban mutane. Yau da ya yi ƙiba ma sunana za a kira."

"To ba za a ji shi a bakin lasifikata ba."

"Sai ya bi ta ƙasa."

Ya zare katinsa ya fita. Ya tafi tasha, ya riƙa tura kiɗan kyauta a wayoyin 'yan kabu-kabu da yaran mota. A farkonsa ya sa muryar Zulai tana faɗin sunansa cikakke, har da Kurman, don kada wani ya riga shi faɗa. Kafin kaka kiɗan ya kai Agye, ya kai ƙauyukan bakin iyaka. A bukukuwan Gazawa kuwa 'yan mata suka fara zuwa wurin Barmo da wayoyinsu suna cewa wannan za a sa. Yakan sa, fuska a murtuke. Har yau ba sa gaisawa.

Bai yi arziki ba. Yana da ɗan shago kusa da tasha, mawaƙa ƙanana na zuwa daga nesa, wani ma daga Sae Sabuwa. Bara kunnen dama ya fara yi masa ƙugi, likita a Maraɗi ya ce in bai rabu da ƙara ba, zai rasa ragowar. Zulai, wadda ta raka shi, ta yi kuka a mota, ta roƙe shi ya nemi wata sana'a. Ya yarda da rabin maganar. Ya daina sa abin sauraren kiɗa a kunne, ya rage sauti ƙasa sosai, ya kwantar da lasifikar ƙarƙashin tebur, yana aiki da tafin ƙafa a kanta.

"In kunnen ya tafi gaba ɗaya fa?" ta tambaye shi.

"Sai ki ƙara yawan zuwa shago, Yaya," ya ce. "Akwai waƙoƙin mutane da ban gama ba."