Sunan da Ba a Bari Ya Huta Ba

Arlene Bitsilly yayata ce, kuma duk yankinmu na ƙabilar Navajo a Amurka ba wadda ta kai ta iya saƙar bargo. Ba ta da yawan magana, ko tumakinta da fito take kiransu. Ɗanta ɗaya ne tilo. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu ba ma kiran sunan mamaci, don in ka kira shi ka juyo da shi daga hanyarsa ke nan.

Yaron yana da ciwon suga. Aka tsare shi a wani gari kan laifin tuƙi, ya yi ta roƙon allurarsa, masu gadi suka ce iya shege ne. Gawarsa aka ba mu. Muka binne shi, muka ƙone kayansa, muka kame bakinmu.

Arlene ta kai ƙara, alƙalin farko ya yi watsi da ita. Lauyarta Dana Pruitt, yarinya mai kirki sai dai rawar kai, ta ɗaukaka ƙarar zuwa babbar kotu a birnin Denver. Ta gaya mana hukuncin can iri biyu ne. Yawanci a ba masu ƙarar abinsu, a rufe fayil, magana ta mutu. Kaɗan ne ake bugawa a littattafan shari'a, su zama dole a kan ƙananan alƙalai. Yayata ta ce na rufewar ya ishe ta. Dana ta yi dariya, ta ce ai ba mu ke zaɓa ba.

Ranar da hukunci ya fito, tun daga mota Dana take washe baki.

"Mama, mun yi nasara, kuma bugawa za su yi. Daga yau duk wanda aka hana magani a tsare, sunan ɗanki lauyansa zai kira, don shi ne sunan shari'ar."

Ta kuwa faɗi sunan gatsau a tsakar gida. Ni dai kamar in kwaɗa mata ludayi.

Arlene ta ajiye zare. "Har yaushe za a yi ta kira?"

"Har abada mana, Mama."

Tun daga nan yayata ta canja. Tana cikin saƙa da rana tsaka sai ta tsaya cak, ta dubi bakin garke inda yaron yake jingina a da. Ta ce, "An sake kiransa." In ce mata iska ce, Yaya. Amma tumakin ma can suke kallo, kuma ni kaina tsoro nake ji.

Bara wata mata ta zo daga garin Gallup da cinyar tunkiya. Ta ce an hana mijinta maganin zuciya a tsare, lauya ya kafa hujja da shari'ar nan, aka kai shi asibiti, yanzu yana gida. 'Yar ƙabilarmu ce, ta san al'ada, ba ta ambaci sunan ba. Arlene ta karɓi naman, ta soya mata gurasa, ta raka ta har mota.

Da ta dawo na ce, "To kin gani, Yaya, ya ceci wani."

"Na gani. Ba zan ce a goge ba." Ta zauna gaban masaƙa, ba ta taɓa zaren ba. "Alƙalai suna kiransa, lauyoyi suna kiransa, har 'yan makaranta. Ni da na raɗa masa sunan, ni kaɗai ce ba ni da iko."

Ta juya ta dubi bakin garke, leɓenta yana motsi kamar za ta kira sunan, amma ba abin da ya fito.