Ranar da Aka Taka Mini Baya a Tsibiri

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta ranar da baffana ya kai ni Tsibiri a taka mini baya ba.

Ni manomin rani ne a Jiratawa, gidana a unguwar Zariya cikin Maradi. Buhun albasa ya danne ni wajen lodi, aka yi mini aiki a ƙashin baya can Yamai. Na tashi da ƙafafuna, amma ciwo ya tare a ƙuguna, ya ƙi tafiya. Likitan, lokotoro a bakinmu, ya ja mini kunne cewa duk abin da ya danna wurin nan, gurgunta ce. Lokacin kuwa ƙasa ta rikice. Siyasa ta shigo da zafinta, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, ka je asibiti ka tarar ba kowa. Maganin rage ciwo ya ƙare mini, sallah ma sai a zaune.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina yaro, ban taɓa musa masa ba. Ya zo ya same ni kwance, ya ce, "Tashi mu tahi. Akwai mai taka baya Tsibiri, gadon gidansu ne."

Na ce, "Baffa, lokotoro ya hana a taɓa wurin."

Ya ce, "Lokotoron yana ina yanzu? Ko kana gani cutarka za ni yi?"

Daga nan na lallaɓa na tashi, muka tafi. Mu a gidanmu babba ba ya maimaita magana.

Mai takun ƙato ne, dugadugansa duk faso. Aka kwantar da ni rub da ciki a tabarma cikin zaure, mutum biyu suka riƙe ni. Ina ganin ƙafafunsa suna matsowa, amma kunyar baffa ta hana ni cewa a bari. Ya dafa bango, ya hau. Ya taka kafaɗu, ya gangaro, har dugadugansa suka sauka daidai kan ɗinkin.

Na ji ƙas. Ciwon ya ɗauke ɗif.

Baffa ya ce, "To, ka gani? Miƙe."

Na yunƙura, ƙafafuna ba su amsa ba. Na mintsini cinyata, sai ka ce katako na taɓa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na tuna fegina na albasa, na tuna 'ya'yana, na hango kaina ana ɗauka ana ajiyewa. Baffa ya durƙusa yana murza mini sawu, yana cewa, "Ɗana, kana ji? Don Allah ce kana ji."

Muna nan har aka kira la'asar. Sai wani zogi ya tsarga daga ƙugu zuwa ɗan yatsan ƙafa, mai tsanani fiye da na da. Na fashe da kuka ina hamdala, yatsan kuma ya motsa.

Har yau ciwon yana nan, da shi nake kwana, da shi nake tashi, kuma na daina tsine masa, don shi ne shaidar ƙafafuna suna raye. Abin da na koya shi ne, girmama babba ba ya nufin miƙa masa jikinka. Baffa ya so ni da gaske, amma da ƙafafun sun tafi, ni kaɗai zan ja gindi har ƙarshen rayuwata.