Shekarar da Hancin Inna Ya Yi Yaji

A unguwarmu a Umdurman ba a kai amarya sai Inna, mahaifiyata, ta haɗa mata turaren wuta. Sirrinta lubban ne, ƙaron bishiyar nan mai ƙamshi. Da hanci take zaɓensa, kuma tana ji da hancin nan kamar ita kaɗai Allah ya ba.

Shekarar da aka sa auren 'yar maƙwabciyarmu, wata mura ta kwantar da ita. Ta warke, amma hancin ya yi yaji. Ko albasa aka soya ba ta ji. Ta rantsar da ni kada kowa ya sani, don matan unguwa na ji za su kai aikin wani gida, ita kuwa gara ta mutu.

"Ke za ki zama hancina," in ji ta. "In mai kyau ne, ki taka min ƙafa."

Ni da take cewa ban san bambancin lubban da hayaƙin raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ba!

Muka tafi Kasuwar Umdurman, wurin wani dattijo da ta shekara da shekaru tana saya a hannunsa. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a garwashi. Inna ta lumshe ido tana jan hayaƙi kamar gaske. Ni kuwa na rikice, na taka ta. Ya sa wani, na sake takawa. Na uku ma haka. Wallahi duk daɗi suka yi min.

Dattijon ya dubi ƙafafunmu. Ya miƙa mata ƙwaya.

"Hajja, yau tauna za ki yi."

Ta jefa a baki. Can sai ta tofar.

"Kai, ji tsoron Allah! Wannan narkewa yake, ƙaro ne kawai. Lubban na gari marmashewa yake fara yi da ɗaci, sannan ya haɗe ya yi fari."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur. Ta tauna, ta gyaɗa kai. Har muka hau mota tana min faɗa, wai na kusa karya mata yatsa a banza.

Ranar biki turare ya cika gida. Mata sai buɗe mayafi suke a kan kasko suna cewa, "Kwayyis, ya yi kyau, Hajja! Hancinki ba ya tsufa." Inna ta sha yabo tana ɗaga kai, ni ina gefe ina danne dariya.

Da suka koma wajen amarya, sai ta ja ni kusa da kaskon. Hayaƙi na ratsa fuskarta. Dariyata ta ɗauke, tausayinta ya kama ni.

"Ba ki iya komai ba," ta ce a hankali. "Amma daure ki faɗa min yadda ƙamshin yake."