Kawu Yohanna da Wutar Aladu

Kawu Yohanna da hanci yake shiga gidan mutane. Kafin ya ce "sannunku" sai ya ɗaga kai sama, ya ja iska kamar akuya ta ji ƙamshin dusa, ya ce, "Wa ke ƙona mana duniya a nan?" Kuma ba ya zama. Ku da kuka san shi, ku faɗi tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin Kawu ya jingina da kujera? A coci ma bakin benci yake ɗosanawa, ƙafa ɗaya a hanya, ana cikin wa'azi yana leƙen taga ko wani ya cinna wa bola wuta.

Ni Laraba ce, 'yar ƙanwarsa. A gidansa na Kafanchan na girma, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi, wani ma a kaina ya ƙare.

Kawu ya yi aiki a wata cibiyar bincike ta gwamnati can arewa, a sashen da ke neman hanyar girki ba tare da an cinye daji an cika sama da hayaƙi ba. Ba furofesa ba ne, shi ne mai walda da ɗaure ƙusa, amma in ya fara magana sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a rataye rana. Ya yi ritaya ya dawo gida, aikin bai yi ritaya daga jikinsa ba. Duk wani sabon abu da cibiyar ke son gwadawa a cikin jama'a, Kawu zai hau mota ya je da kansa ya ce, "Ku kawo gidana." Kalmarsa kuma guda ce: "Bincike ya nuna." Gishiri ya yi yawa a miya, bincike ya nuna. Damina ta makara, bincike ya nuna. Ya ga motar gawayi ta kama hanyar Abuja, sai ya bi ta da ido yana cewa, "Ga ruwan samanmu can an ɗura a buhu."

Muna dariya, amma mu na cikin gida mun san ba duniya kaɗai ke hana shi zama ba. Matarsa ce, Mama Rifkatu. Tun tana amarya take durƙushe gaban murhu a wani ɗan kicin da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, har tari ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Likita ya ce hayaƙin ne, in ba ta rabu da shi ba zai gama da ƙirjinta. Kawu ya ɗauki alkawari a gabanmu cewa sai ya fitar da ita daga kicin ɗin nan kafin ya bar duniya. Mama kuwa ta ce a gwada a gani. Kun dai san matan wajenmu da itace. Mace ba ta cika mace ba sai an ga nata jere a bayan ɗaki, an faskara, an daidaita, ya kai tsayin mutum. Na Mama har tsayawa ake yi a kalla.

Abu na farko da ya kawo wani ƙaton faranti ne mai ƙyalli, wai da rana yake girki. Can arewa aka gwada shi, inda rana ke gasa mutum tun da safe. Kawu ya rasa lokacin da zai kawo shi Kafanchan sai tsakiyar Agusta! Ya karɓe waken da Mama ta wanke, ya ɗora, ya ce kowa ya zo ya ga girkin gobe. Rana ta leƙo ta koma. Ya ja farantin zuwa bakin rijiya. Hadari ya taso daga dutsen Kagoro, ya ja shi gindin gwanda. Haka ya wuni yana tsere da girgije a tsakar gida, gumi na zuba, mu kuma yunwa na ci.

Da yamma Mama ta buɗe tukunya, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a kwano, ta yi ƙara ƙal.

Ta ce, "Baban Bulus, wake ya nuna?" Da sunan ɗansu na fari take kiransa.

"Bincike ya nuna..."

"Na ji bincike ya nuna. Wake fa?"

Ranar garin kwaki muka sha. Bayan kwana biyu rana ta fito da ƙarfinta, ba kowa a kusa, farantin ya juyo da haskensa kan igiyar shanya, ya huda zanen zumuntar matan coci na Mama, daidai wurin zama. Ta ɗago zanen tana kallonsa ta cikin hujin. Shi kuwa sai tsalle yake yi: "Kin gani? Yana aiki! Yana aiki!"

Daga nan ya sauya dabara. Ya gina mata murhun laka mai bututu, irin wanda cibiyar ta ce ba ya cin itace sosai. Mama ta duba ta ce bakinsa ya yi wa tukunyar gwatenta kaɗan, ta koma kan duwatsun murhunta na gargajiya. Sai Kawu ya fara satar duwatsun murhu. Allah kuwa! Dattijo da furfura, ya faki ido ya kwashe ya tura ƙarƙashin gado. Gari ya waye ta aiko ni in samo wasu, ya sake kwashewa. Ta sake, ya sake. Har gadon ya fara tudu a tsakiya, mai shara ba ta samun wurin tura tsintsiya. Ran nan ta kama shi dumu-dumu, dutse a hammata, toka a riga.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna masa gabas da muciya ta ce, "Ga dutsen Kagoro can. In ka gama da na gida, ka je ka sa shi a ƙarƙashin gado."

Ya ajiye dutsen a hankali ya ce dama auna nauyinsa yake yi.

To, sai babbar magana ta zo, wadda har yau ake tsokanarmu da ita a kasuwa. Cibiyar ta fara gwajin samar da gas na girki daga kashin dabbobi. Su da na shanu suka yi nasu. Kawu ya ce mu nan aladu muke da su, kuma alade bai taɓa ƙin bayarwa ba. Ya haƙa rami a bayan gida, ya gina tanki, ya jawo tiyo har cikin wata sabuwar rumfa mai iska da ya yi wa Mama. Matsalar ita ce aladunsa kaɗan ne, tankin kuma ba ya ƙoshi. Sai ya sayi baro ya shiga unguwa.

Wayyo, kunyar da muka sha! Kawu zai je barkar haihuwa, kafin ya tambayi jariri sai ya ce, "Yaya aladun? Suna cin abinci dai? Cikinsu na tafiya?" An taɓa kai shi neman aure a Kagoma a matsayin babban kawu. Ana tsakiyar gaisuwa da iyayen yarinya aka neme shi aka rasa. Can aka same shi a bayan gida da kwat ɗinsa na Lahadi, ya leƙa garken aladu yana girgiza kai. Ya dawo ya ce wa ango a kunne, amma kowa ya ji, "Ka riƙe yarinyar nan da kyau. Gidan nan akwai arziki, zubar da shi kawai suke yi."

Ranar da gas ya taru, ya tara mu duka, har da Fasto da ya shigo gaisuwa. Ya murɗa, ya ƙyasta ashana. Sai ga wuta shuɗiya, tsaf, ba hayaƙi ko kaɗan. Nan take Kawu ya dafa shayin citta a kai, ya miƙa wa Fasto kofi. Ya juyo ya ce, "Rifkatu, ga kicin ɗinki."

Mama ta matso, ta leƙa, ta bi tiyon da ido har inda ya fito. Ta ja da baya ta gyara ɗaurin zane.

"Ni? In dafa wa mutane tuwo da tusar alade? Sai dai bayan raina."

"Haba Rifkatu, wuta ce! Bincike ya nuna babu abin da ke shiga abinci!"

"To bincike ya zo ya ci."

Kawu ya juya wajen Fasto ya ce ya raba gardama. Bawan Allah yana riƙe da kofin shayin citta da Kawu ya dafa a kan wutar, ya riga ya kai rabi. Ya dubi kofin, ya dubi tiyon, ya haɗiye da ƙyar ya ce wannan al'amari ne da ke bukatar addu'a, kuma ya tuna yana da taron dattawa.

Magana ta zaga gari. Mata suka daina karɓar ko ruwan zafi a gidanmu sai sun tambaya, "Na wace wuta ne?" Mama ta ci gaba da hura itacenta, tana tari, tana share hawaye da gefen zane. Shi kuma kullum da safe ya ciyar da tankinsa, ya dafa shayi a rumfar da ba mai shiga sai shi, ya kai mata har bakin baƙin kicin ɗin. Shayin dai tana sha. Ta ce shayi ba abinci ba ne.

Bara tarin ya kwantar da ita har asibiti. Kawu ya auna barandar asibitin da ƙafa har ma'aikatan jinya suka roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Da na fito daga ɗakin ya tare ni. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ya ce, "Laraba, na ƙare ƙuruciyata ina yi wa gwamnati yaƙi da hayaƙi. Ga shi na cikin gidana zai ɗauke mini mata ina kallo."

Na jira ya ce bincike ya nuna wani abu, bai ce ba. Tsoro ya kama ni ranar, ba kaɗan ba.

Duk mun ɗauka ita za ta riga shi. Ashe shi ne. Ta dawo gida da sauƙi, ta koma kicin ɗinta, shi kuma wata safiya aka same shi kwance kusa da baronsa, shebur a hannu. Ko a nan bai yarda ya tafi daga zaune ba.

Kun san al'adarmu in an yi rasuwa. Mata ba sa zuwa hannu sake, kowace da ɗaurin itacenta a kai, don a dafa wa masu zaman makoki. Kafin azahar tsakar gidan Kawu ta cika da itace har bakin rijiya. Itace, a gidan Kawu Yohanna! 'Yan zumunta suka jera duwatsu, suka kawo manyan tukwane, wata ta durƙusa za ta hura. Ni dai zuciyata ta yi nauyi, amma wa zai hana?

Sai muka ji tari daga ƙofar ɗaki. Mama ce, wadda ya kamata tana zaune a tabarma ana yi mata ta'aziyya. Ta fito ba takalmi.

Ta ce, "Ba a gidan nan ba."

Shugabar zumunta ta ce, "Mama, ki koma ki zauna, mu za mu yi komai."

"Na ce ba a gidan nan ba. Yana kwance a ciki. Ku kai tukwanenku maƙwabta. Mutumin nan bai shaƙi hayaƙi da son ransa ba yana da rai, ba zai shaƙa yau ba."

Aka kwashe tukwane sumsum aka tsallaka hanya. Ita kuma ta wuce kai tsaye zuwa rumfar da ta rantse ba za ta taka ba. Ta tsaya gaban abin tana kallo, don ba ta ma san inda ake murɗawa ba. Na nuna mata. Ta ƙyasta ashana da kanta, wutar ta tashi shuɗiya, da gas ɗin da ya tara da hannunsa a safiyarsa ta ƙarshe. Ta ɗora ƙaramar tukunya, ta tuƙa tuwon acca daidai cikin mutum biyu. Ta sunkuya ta shinshina tururin, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago, ido jawur, ta ce mini a hankali:

"Ashe babu wari."

Na fashe da kuka ina dariya. Ta kama hannuna ta matse ta ce, "Kada wanda ya gaya masa."

Tun daga ranar ba ta sake shiga baƙin kicin ɗin ba. Kaji ne ke ƙwai a ciki yanzu. Itacen makokin nan yana nan jere a bayan ɗaki, gara na ci, ta hana a taɓa. Tarin bai tafi duka ba, amma tana hawa tudun coci ba ta tsaya dafa bango ba, har ta koma waƙa a zumunta. Kuma in kun je gaishe ta, ku shirya amsa, don kafin ta tambayi yaranku sai ta tambayi lafiyar aladunku.

Kawu, ka cika alkawarinka, ko da yake sai da ka bar mana gidan tukuna. Ubangiji Yesu, ga bawanka nan da bai taɓa zama ba. Ka karɓe shi inda babu hayaƙi, ka nuna masa kujera mai kyau, ka dafa kafaɗarsa ka ce ya zauna haka nan, Rifkatu tana numfashi. Amin.