Rigar da Na Gyara a Landan

Shekara arba'in ke nan rabona da Zariya. A hanyata ta zuwa karatu ƙasar waje, a garin College Park, cikin shekarun tamanin, na yini a Landan ina yawo kamar a mafarki. A wani gidan tarihi sai ga babbar riga cikin gilashi, aska takwas irin ɗinkin mahaifina, an rataye ta bai-bai.

Na ce wa tsohuwar da ke gadi, "Iya, kun ɗauke mana riga, ratayewar ma ta gagare ku?"

Ta kira mai makulli, ta ce, "To ɗana, gyara mana."

Na juya ta, na rataye ta daidai.

Gaskiya dai sun adana ta. Ni kuwa a Laurel, garin da nake zaune yanzu, cikin kayan Baba hula ɗaya da allura biyu suka rage mini. Ku me kuka adana?